Tambaya da Amsa: In Tukunyar Tashar Nukiliya Ta Yi Yoyo, Walda Ake Yi Mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ni mai walda ne a Auyo, Jihar Jigawa, kuma yawancin aikina ƙera tukwanen turara shinkafa ne da gyaransu. Na ji a rediyo wai Najeriya na son gina tashar wutar lantarki ta nukiliya. Ɗan ƙanena da ke karatu a Dutse ya ce mini ita ma da tururi take aiki, har da tukunyarta. To mu dai tukunya in ta sha wuta sai ta fara yoyo, mu ɗora mata faci. Su yaya suke yi da tasu? Kuma wa ke duba musu aikin, tunda an ce abin da ke ciki guba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, sannu da aiki. Ɗan naka ya faɗi daidai. Duk girman sunan nukiliya, aikin tashar dafa ruwa ne ya zama tururi, tururin ya juya farfela, farfelar ta juya janareto. Sai dai tukunyar tasu ba a hura mata wuta a ƙasa. Ruwa ne ke dafa ruwa.

A irin tashoshin da suka fi yawa a duniya, ruwa kashi biyu ne, kuma ba a yarda su haɗu. Na farko shi ke zagaya cikin murhun da yuraniyom, wato makamashin tashar, yake, yana ɗaukar zafi har kusan digiri 320. Ba ya tafasa saboda an matse shi da matsi kusan ninki 155 na iskar da muke shaƙa. Wannan ruwan ne mai ɗauke da burbushin nukiliya. Sai a tura shi cikin tukunyar ta siraran bututai, ruwa na biyu mai tsabta yana kewaye da su daga waje, zafi ya ratsa jikin bututun ya tafasa shi. Tukunya ɗaya takan kai tsayin mita 20, nauyinta tan ɗaruruwa, a cikinta kuma akwai bututu daga 3,000 har zuwa 16,000, gwargwadon ƙira. Faɗin kowanne kimanin santimita 2 ne, kaurin jikinsa kuwa milimita 1 da ɗan abin da ba a rasa ba. Kai da ke riƙe da ƙarfe kullum ka san abin da milimita 1 take nufi. To wannan ɗan siririn ƙarfen shi ne katangar da ke tsakanin ruwa mai guba da tururin da ke fita daga ginin murhun.

Me ke cin bututun? Abu na farko irin ƙarfen ne. Tsofaffin tukwane an yi su da wani gamin nikel mai lamba 600, wanda daga baya aka gane yana tsagewa a hankali idan zafi da matsi suka daɗe a kansa. Shi ya sa aka koma mai lamba 690, wanda kuromiyom ɗinsa ya ninka na wancan. Na biyu girgiza: ruwa da tururi suna wucewa da ƙarfi, bututu ya riƙa gogar abin da ya tallafe shi har ya sirance. Na uku lakar tsatsa da ke kwantawa a gindin tukunya tana tara gishiri, don haka ake tace ruwan fiye da na sha nesa ba kusa ba, a kuma wanke lakar da ruwa mai tsananin ƙarfi. Akwai kuma ganganci irin na ɗan Adam. A tashar Ginna ta Amurka, a 1982, wani guntun ƙarfe da aka bari cikin tukunya lokacin gyara ne ya yi ta dukan bututai har ɗaya ya fashe. Saboda irin wannan ake rubuta duk sifana da noti da aka shiga da su, a ƙirga su wajen fitowa.

Batun faci kuwa, babu mai shiga da ƙarfen walda yana neman inda ke ɗiga. Duk bayan wata 18 zuwa 24 ana kashe tashar don sauya mata makamashi, a nan ne ake duba bututan. Ana zura wata 'yar na'ura mai naɗin waya a cikin bututu, tana aiki da maganaɗisu, tana nuna inda ƙarfe ya sirance ko ya tsage tun ido bai iya gani ba. Hannun mutum-mutumi ne ke zura ta, domin ƙarƙashin tukunyar wuri ne da ɗan Adam ba ya iya jimawa. A da can ma'aikata kan faɗa ciki su yi 'yan daƙiƙu ko mintoci su fito, ana auna abin da jikinsu ya sha. A Amurka ƙa'idar da aka saba da ita ita ce, in lalacewa ta ci kashi 40 cikin 100 na kaurin bututu, to ya gama aiki: a toshe bakinsa biyu, ruwa ya daina bi ta cikinsa. Wani lokaci a zura masa ƙaramin bututu a ciki a liƙe, kuma nan ne sana'arka ke shigowa, ita ma na'ura ce ke yi daga nesa. Tun wajen ƙira ana saka rarar bututai saboda wannan toshiyar. In toshe-toshen ya yi yawa, sai a cire tukunyar ɗungurungum a sa sabuwa. Haka Afirka ta Kudu ta yi a Koeberg, tashar nukiliya ɗaya tilo da ke ba da wuta a nahiyarmu, wadda ta fara aiki a 1984: an sauya tukwane uku na rukuni na farko (wato murhun farko da kayan aikinsa) a 2023, uku na rukuni na biyu a 2024.

Yanzu ga rabin tambayarka da ya fi damuna. Idan ka bi tarihin matsalolin nan, da wuya ka tarar ilimi ne ya gaza. Takarda ce ta gaza, ko wanda ya kamata ya duba. A Mihama ta Japan, a Fabrairun 1991, bututu ya tsinke a rukuni na biyu saboda ƙarafan hana girgiza ba a zura su yadda zane ya ce ba tun lokacin ƙira, kuma shekara da shekaru ba wanda ya lura. A Indian Point ta Amurka, bututu ya fashe a Fabrairun 2000, bincike ya nuna alamar tsagar tana cikin bayanan dubawar 1997, masu karantawa ne ba su gane ta ba. Wanda ya fi muni a Mihama ne kuma, a Agustan 2004: wani babban bututun ruwan zafi a ɓangaren tsabta ya fashe, ma'aikata 5 suka rasu. Babu burbushin nukiliya a ciki, zafi ne ya kashe su. Wannan gurbin bututun ya faɗi daga jerin wuraren dubawa, ba a taɓa auna shi ba tun da rukunin ya fara aiki a 1976.

Sabuwar tukunya ma ba lamuni ba ce. A San Onofre ta Kalifoniya an kashe sama da dala miliyan 600 wajen saka sababbi, ƙirar kamfanin Mitsubishi. A Janairun 2012 ɗaya ta fara yoyo, aka tarar bututai na gogar juna saboda kuskuren lissafi a zane. Na'urorin da ke sansano burbushi a ɓangaren tsabta suka nuna, masu aiki suka kashe murhun, hukuma kuma ta hana a tayar sai an gamsar da ita. A Yunin 2013 masu tashar suka haƙura suka rufe ta har abada. A wurina wannan labarin aikin sa ido ne da ya yi kyau, duk da asarar, domin an samu mai cewa a tsaya kuma aka tsaya.

Wa ke da wannan ikon? Mutane da yawa suna zaton hukumar nukiliya ta duniya da ke Viyana ce, wadda aka kafa a 1957. Ita tana tsara ƙa'idoji, tana tura masana in ƙasa ta gayyata, amma ba ta da ikon rufe tashar kowa. Hukumar kowace ƙasa ce ke ba da lasisi ta kuma ƙwace. A Amurka hukumar tana ajiye masu dubawa aƙalla biyu a kowace tasha, can suke zuwa aiki kullum. Kuma ƙasashe sun koyi cewa mai tallar nukiliya bai kamata ya zama mai duba ta ba. Amurka ta raba ayyukan biyu a 1975. Japan sai da hatsarin tashar Fukushima ya auku a 2011 sannan ta fitar da masu dubawa daga ƙarƙashin ma'aikatar da ke haɓaka harkar, ta kafa sabuwar hukuma a 2012.

A nan gida rabon yana nan a rubuce. Hukumar makamashin nukiliya, NAEC, an kafa ta a 1976 don haɓaka harkar. Mai sa ido, NNRA, dokarta ta 1995 ce, ta fara aiki a 2001, kuma ita ke ba da izinin na'urorin hoton ƙashi na asibitoci da sinadaran da kamfanonin mai ke amfani da su. An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gini, amma har yau babu tashar. Ni da ke rubuta wannan daga Kura, inda wuta kan leƙo ta koma, ba na cikin masu cewa kada a gina. Abin da nake so in ji daga masu shirin shi ne, ranar da mai dubawa ya ce a kashe tasha wata biyu, ana tsakiyar zafin bazara, jama'a na kukan wuta, wa zai tsaya masa idan aka bugo waya daga sama, kuma daga aljihun wa albashinsa ke fitowa.

Tambaya: 'Yata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, sai aka ce mini akwai nukiliya a Zariya. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Gwarzo.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri a karatun, ki kwantar da hankalinki. Gaskiya ne akwai ƙaramin murhun bincike a cibiyar nazarin makamashi ta jami'ar, ƙirar ƙasar Sin, yana aiki tun 2004. Ƙarfinsa kimanin kilowat 30 ne, alhali rukuni ɗaya na Koeberg yana ba da wutar da ta haura kilowat 900,000. Ba ya samar da lantarki, ba shi da tukunyar tururi ko ruwa mai matsi, yana zaune ne cikin tafkin ruwa. Ana amfani da shi wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa, duwatsu da abinci, da koyar da ɗalibai. A 2018 an cire masa yuraniyom mai ƙarfi aka mayar da shi ƙasar Sin, aka sa masa mai rauni, kuma NNRA ce ke ba shi lasisi.