An ce ba a san dalilin ciwon huhun 'yata ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta biyu. Wata bakwai ke nan tana numfashi sama-sama, ga tari, ga rama. Sau uku ana mata maganin nimoniya, gwajin tarin fuka bai nuna komai ba. Da aka ɗauki hoton CT sai aka ce ciwo ne a naman huhu, wai chILD, kuma ba a gano dalilinsa ba. Surukata ta ce tunda likitoci sun kasa, ba na asibiti ba ne, a koma hayaƙi. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba ta lafiya. Wannan suna na chILD ya haɗa cututtuka da yawa da ba kasafai ake ganinsu ba. Siririn bangon da ke tsakanin jakunkunan iska da jijiyoyin jini ne ke yin kauri, sai oksijin ya riƙa shan wahalar ratsawa. Wani daga ƙwayar gado ne, irin su ABCA3 da SFTPC, wani daga ƙurar gashin tantabara da kashinta, wani kuma abinci ne ke ƙwarewa zuwa huhu. Akwai yaran da ko a Ingila da Amurka, bayan gwajin gado da yankar ɗan naman huhu a duba, ba a samun dalili.

Maganar "ba na asibiti ba ne" kuwa, wallahi tana ci mini rai, don kullum ina jin ta. Ciwon nan an gan shi ƙuru-ƙuru a hoto, abin da ya haddasa shi ne kawai ba a gano ba, kuma ana kula da shi a hakan. Amma da zarar dangi sun ji, sai a ɗauko kasko da garwashi, a barbaɗa tazargade ko wani ƙullin mai magani, a lulluɓe yarinya da zani har kanta. Tana tari idanunta na zubar da ruwa, ana cewa iskokai ne ke fita. Na sha karɓar yara kayansu na warin hayaƙi, leɓe ya yi shuɗi, haƙarƙari na lotsawa. Huhun da iskar Allah ma take masa wahala, ina zai kai hayaƙi? Mai maganin ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ku ne za ku kwana a ɗakin gaggawa. Addu'a da tofi ku yi ta yi, ba sa taɓa huhu. Hayaƙi ne ban yarda ba, har da turaren wuta, maganin sauro da na itacen girki.

Ki riƙe likitan huhun yara a asibitin koyarwa. Yakan ba da oksijin, abinci mai gina jiki, da maganin firedinisolon, wani lokaci haidiroksikulorokwin ko azitiromaisin. Kada ki saya a kemis, kada ki tsayar da maganin da kanki. Ki cika mata rigakafi, in akwai tantabaru a gidan a fitar da su.

In numfashinta ya wuce yadda ta saba, ko na'urar yatsa mai auna oksijin ta nuna ƙasa da 90, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Ranar ganin likita ki taho da surukarki, a nuna mata hoton da idonta.