Kawu Ya Amsa: Babur na Dubban Daloli, Igiyar Ɗauri ta Dala Goma

Tun da ƙanƙara ta fara kwanciya wasiƙu suke shigowa a kan babur ɗin ƙanƙara. Ga masu karanta mu daga gida: abin hawa ne mai ƙafafun sulu biyu a gaba, da sarƙar roba a baya irin ta katafila. Mutanen Kanada ko wane iri suka gani sai su ce masa Ski-Doo, sunan wanda kamfanin Bombardier ya fitar a Kwibek a 1959, kamar dai yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo. Ba a tuƙa shi a kwalta, sai an ɗora shi a ƙaramar tirela an ja shi da mota zuwa bakin daji. A wannan ɗorawar ake yin ɓarna.

“Kawu, ina gaisuwa. Na sayi babur na hannu tare da tirelarsa a nan Winnipeg. Mai shi ya haɗa mini da sandar ƙarfe da ake gittawa a kan ƙafafun gaba a murɗe ta a jikin katako. Ya ce ita kaɗai yake sawa. Ta isa?”

Ba ta isa ba, ɗana. Sandar ta kama gaba, amma baya a sake yake, kuma idan taya ta faɗa rami bayan zai yi tsalle ya zame gefe, ya daki babur ɗin da ke kusa da shi ko ya leƙa waje. Ka murɗe sandar har ƙafafun su daina motsi idan ka girgiza kan, sannan ka sa bel ɗin ɗaure kaya a baya. Idan a bamba ka maƙala, ka ja shi ƙasa da baya har shokozoba ta ɗan nutse, kada ka danne ta ƙurmus. Ni na fi son zura bel ɗin ta ƙarfen da sarƙar roba ke zagayawa a kansa, domin shi ba ya hawa da sauka, don haka bel ba ya saki. Kada ka ɗaura ta kan kujera ko kan hannun tuƙi. Ka kuma leƙa ƙarƙashin tirelar ka duba notin da sandar ke shiga: gishirin hanya yana cin sa, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka ba.

“Kawu, na ga bel guda huɗu a intanet da araha ƙwarai, an rubuta suna ɗaukar laba 3,000. Na shago sun ninka su kuɗi. Ba duk bel bel ba ne?” Daga Edmonton.

Zauna, ƙanena, domin ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

Lambobi biyu ne a kan kowane bel na kirki. Ɗaya ita ce nauyin da zai tsinke a kansa, ita ce babbar lambar da ake bugawa a kwali da jan rubutu don ta ɗauki ido. Ɗayar kuwa ita ce nauyin da aka yarda ya yi aiki da shi kullum, ana rubuta ta da haruffa WLL a wani ɗan ƙyalle da aka ɗinka a jikin bel ɗin. Ta biyun yawanci kashi ɗaya cikin uku ce ta farkon. Wato laba 3,000 ɗin da ka gani, in ma gaskiya ce, aikinta laba 1,000 ne, kimanin kilo 450. Ka koma ka duba hoton: akwai ƙyallen? Akwai sunan wanda ya ƙera? In babu, to lambar da ke kwalin maganar ɗan kasuwa ce, kuma ka san yadda ɗan kasuwa ke rantsuwa a kan atamfar da za ta zuba a wankin farko. Direbobin manyan motoci a Kanada ba a ma yarda su ɗaure kaya da bel marar wannan lamba ba. 'Yan uwanmu na Turai su nemi haruffa LC, kuma ƙyallen shuɗi yana nufin zaren foliyesta ne, wanda ba ya shan ruwa ko miƙewa kamar nailan.

Bari mu yi lissafi. Babur ɗin ƙanƙara yana tsakanin kilo 200 da 300, mu ce naka 250 da mai a tanki. Dokar ɗaure kaya ta manyan motoci a Amurka da Kanada ta ce ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya idan aka taka birki da ƙarfi. Kilo 200 ke nan, buhun siminti huɗu, suna neman bayan motarka a lokaci ɗaya. Bel ɗin kuma ba sabo zai dawwama ba: zai jiƙe, ya daskare, ya sha gishiri, ya goga bakin ƙarfe.

Jabun bel ba a tsakiya yake mutuwa ba. Ɗinkin da ke riƙe ƙugiya ne yake warwarewa, ko ƙugiyar ta miƙe kamar an yi ta da waya, ko haƙoran ƙarfen ɗamewa su zame. Na sani domin ni ma na taɓa yin wannan wautar. Shekarar da na fara, na kwashi irin waɗannan a wani shagon kayan araha ina murna. A hanyar Kenora na tsaya shan mai, na zagaya baya, sai ga ƙugiya tana lilo ita kaɗai, zaren ɗinkin ya tsaya cirko-cirko, bayan babur ya kai bakin katako. Allah ne ya kiyaye, ba dabarata ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya zuba dubban daloli a babur, ya sayi hular kwano, ya sayi rigar sanyi mai tambari, ya biya inshora da kuɗin izinin hanyar daji, sannan a kan abin da zai hana kilo 250 faɗawa kan motar wasu bayin Allah a babbar hanya ya tsaya neman ragi. Bambancin kuɗin bai kai na cika tankin a-kori-kurarka sau ɗaya ba. Araha ba ta ado. Ka shiga shagon Canadian Tire ko Princess Auto, ka riƙe bel ɗin a hannu, ka karanta ƙyallen, ka duba ɗinkin. Ka zaɓi mai ƙugiyar da ke da ɗan marfi mai rufe baki. Duk wanda ya yi yanka, ko ya fara gashi, ko aka ƙulla shi a tsakiya, shara ce. Kada kuma ka sayi bel na hannu a shafin saye da sayarwa na Kijiji, ko da kyauta aka haɗa maka.

“Malam, tafiyar minti goma ce kawai. In na ja birkin tsayuwa na ƙara da robar nan mai ƙugiya, ai shi ke nan ko? Komai na Allah ne.”

Robar ɗaure kwali a bayan acaɓa kake so ka riƙe babur da ita? Birkin tsayuwar kuma na mai ne, yana iya saki a hankali, kuma ko bai saki ba, sarƙa kawai ya kulle, babur ɗin zai zame a kan katako mai ƙanƙara da kullensa. Komai na Allah ne, gaskiya ka faɗa, amma cewa aka yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

“Kawu, barka da sanyi. Maigida yana aikin dare, ni ce zan ja tirelar daga Saskatoon zuwa wajen 'yan uwa da yara a mota. Wancan karon da yake tuƙi tirelar ta yi ta kaɗa wutsiya, har yanzu gabana faɗuwa yake.”

Kwantar da hankalinki, 'yata. Wannan tsoron naki ya fi mini ƙarfin halin mai wasiƙar sama. Kaɗa wutsiya yawanci alama ce nauyi ya koma baya. Ana so kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta ya sauka a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota. In duka kilo 500 ne, to kilo 50 zuwa 75. Kina iya aunawa da ma'aunin nauyi na banɗaki: ki sa katako a kansa, ku sauke hancin tirelar a kai daidai tsayin da yake zama a mota. In bai kai ba, a matsar da babur gaba, a kwashe jarkokin mai daga baya.

Kafin ki tashi, ki duba girman ƙwallon ya dace da bakin tirela. An buga lambar a jikin kowanne, kuma mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas yana shiga bakin mai inci 2 kamar ya zauna, alhali bai kama ba. Ki rufe maƙullin ki zura masa fil. Sarƙoƙi biyu ki gitta su a ƙarƙashin hancin, don in ya kuɓuce su tare shi. Babban yaro ya tsaya a baya ki gwada fitilar birki da sigina. Ki auna iskar tayoyi, sanyi yana rage ta. In kin yi tafiyar kwatan awa, ki tsaya a wuri mai fili ki ƙara ɗame bel, domin ƙanƙarar da ke ƙarƙashin ƙafafun tana murƙushewa ɗauri ya saki. In kuma wutsiyar ta fara, kada ki taka birki da ƙarfi, kada ki yi kokawa da sitiyari: ki ɗaga ƙafa daga totur, ki riƙe shi miƙe har ta lafa. Duk wanda ya matsa miki daga baya, ya wuce. Allah ya kai ku lafiya.

“Kawu, in sayi rufaffiyar tirela, ko tamfol ya wadatar? Kuma in na juya babur yana kallon baya fa?”

In sau uku kake fita a shekara, kada ka ci bashi don rufaffiya. Sayi rigar da aka ɗinka don tafiyar tirela, mai maɗauri ta ƙasa. Tamfol na yau da kullum iska za ta yi ta kaɗa shi har ya goge fenti, kuma ruwan gishiri zai shiga duk da haka. A buɗaɗɗiyar tirela babur ya kalli gaba, in ba haka ba iska ta shiga bayan gilashinsa ta fizge shi. In kuwa ka sayi rufaffiyar, ɗauri yana nan daram, bango ba bel ba ne, kuma kada ka bar inji yana aiki a ciki ƙofa a rufe, gubar hayaƙinsa ba ta da wari.