Tambaya da Amsa: Kamun kifin kan'ad lokacin sanyi

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ina aiki ne a Dubai, abokaina sun ce mu fita kamun kifin da Larabawa ke kira kan'ad a watan Janairu, wai da sanyin nan kifi na cin ƙugiya kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa ai yanzu ne ma lokacinsa! In ruwan tekun Fasha, wanda Dubai ke gaɓarsa, ya huce daga Nuwamba zuwa wajen Maris kan'ad, babban kifin nan da Turawa ke kira kingfish, yakan matso kusa da gaɓa yana farautar ƙananan kifaye, sai ku fita da sassafe, jirgi na tafiya a hankali kuna jan ƙugiya a baya da ɗan kifi mai ƙyalli a jiki. Amma don Allah ka ɗaura waya ta ƙarfe kafin ƙugiyar, haƙoransa kamar reza suke, zaren roba tas yake yanke shi ya wuce ya bar ka da sanda a hannu. In ya shigo jirgi kuma kar ka kai yatsa bakinsa ko da ka ga ya yi laushi.

Abin da ya fi damuna iskar shamal ce, wata iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga arewa maso yamma, tana tada igiyar ruwa sosai da hunturu, ranar da aka ce za ta taso ku haƙura kawai. Ku nemi lasisi kafin ku fita, ku sa rigar ceto.