Gidan Bakin Kogi a Lakwaja: In Saya ko In Dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Sabon Garin Zariya. Shekara bakwai ke nan ina kai masara da wake Lakwaja, in dawo da manja da busasshen kifi. Kuɗin masauki da na sito sun ishe ni. Wani dillali ya nuna mini tsohon gida a bakin kogi, ɗaki shida da fili, naira miliyan 14, ya ce magada ne ke neman kuɗi da gaggawa. Jarina miliyan 22 ne. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. A wane wata dillalin ya kai ka gidan? In da rani ne, to gini ka gani, ba ka ga maƙwabcinka ba tukuna.

Ban ga laifinka ba da garin ya shiga ranka. Nan Kwara da Binuwai suka haɗu, nan kuma Gwamna Lugga ya kafa tutar Turawa ranar 1 ga Janairun 1900, kafin ya koma Jebba, daga baya Zungeru. Tun 1991 garin ne hedkwatar jihar Kogi. Tsofaffin unguwanni irin su Kabawa cike suke da Hausawa da Nufawa, sarkin garin ma Maigari ake ce masa. Baƙunta ba za ta dame ka ba. Ruwa ne abin tsoro.

Mu a Zariya in Kubanni ta yi fushi, kwana ɗaya ko biyu ta huce. Kwara ba haka take ba. Ruwan damina na rabin ƙasar nan ta ƙofar Lakwaja yake wucewa, ga wanda ake saki daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro, ga na Lagdo daga Kamaru da ke biyo Binuwai. Tsakanin Satumba da Oktoba yake kaiwa maƙura, kuma in ya shiga gida sai ya yi makonni. An gani a 2012, an sake gani a 2022: Adankolo da Gadumo da Ganaja sun sha ruwa, titin Abuja ya yanke a wajen Koton Karfe, tireloli da tankokin mai suka yi kwanaki a layi har Abuja ta shiga wahalar fetur. Ina kyautata zaton kai ma kana da lodi a wannan layin. Kai kuwa hatsi za ka jibge. Masara ba sai ruwa ya taɓa ta ba, danshi kaɗai ya isa ya sa mata fumfuna.

Saboda haka ka koma unguwar ba tare da dillali ba, don shi la'adarsa yake hange. Ka zauna wajen mai shayi, ka yi salla a masallacin layin, ka tambayi masu kwalekwale inda ruwa ya tsaya a 2022. Za su nuna maka da hannu. Ka dubi katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zane a jikin bango. In kuma gidan ya sha sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙirji, ka tambayi kanka abin da ake rufewa. Araha dai ba ta ado.

Sai takardu. Gidan gado da gaggawa haɗi ne da ke sa ni ɗar-ɗar. Yau mutum uku su sa hannu, baɗi wata 'yar marigayin ta taso daga Bida ta ce ba da saninta ba. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu da sa hannun kowane magaji, lauyanka kuma ya bincika a ofishin filaye na jihar ko an taɓa jinginar da gidan. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, sai da amincewarsa mallaka ke komawa sunanka. Ga wani abu da dillalai ba sa faɗa: hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda hedkwatarta ma a Lakwaja take, doka ta ba ta iko a kan mita 100 daga gaɓar kogi. Ka ɗauki safiyo ya auna.

Ko da duk wannan ya fito lafiya, lissafin bai yi mini ba. Ka cire 14 daga 22, saura 8. Daga ciki za a biya la'ada da lauya da gyaran tsohon gini, wanda ba ya taɓa tsayawa inda magini ya ce. Da me za ka shiga kasuwar Giwa ko Makarfi da kaka, lokacin da buhu ke ƙasa? Ribar ɗan hatsi a saye take, kai ka fi ni sani. Kuɗin da ke cikin buhu yana juyawa sau da yawa a shekara. Wanda ke cikin bulo a bakin kogi kuwa, ranar da ka matsu, mai saye zai yi maka irin tambayoyin da nake yi maka yanzu, sannan ya taya da wulaƙanci.

Da ni ne, sai in kama hayar ɗaki da sito na shekara ɗaya a kan tudu, kusa da babban titi, misali gefen Felele, in bar jarina yana aiki. A nan za ka ɗanɗani zafin garin na watan Maris, ka ga ko iyali za su iya. In ribar kaka biyu ta taru, ka sayi fili a tudu ka riƙa ginawa a hankali.

Shi kuwa dillali, ka ce masa sai bayan damina. In ya ce wani zai riga ka, ka yi masa fatan alheri. Ka je gidan a farkon Oktoba, ka rubuto mini inda ka tarar da ruwa, sai mu ga ko akwai abin tayawa.