Zane a gaban jama'a ana kiɗa: me ke dagula launi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An gayyace ni in yi zane na launi da layi zalla, ba siffar mutum ko dabba, a kan dandamali makaɗa suna kiɗa, tsawon minti 40. Na gwada sau biyu a gida, launukan suka cakuɗe suka koma kamar taɓo. Ina gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Taɓon nan yana fitowa ne idan aka ɗora launi a kan kishiyarsa tun na ƙasa bai bushe ba: ja a kan kore, ko shuɗi a kan ruwan goro. Garajen bin kowane bugun ganga ne ke jawo haka.

Ka ajiye fentin mai, kwanaki yake yi bai bushe ba. Ka nemi akirilik, wato fentin da ake tsarmawa da ruwa, wanda shafinsa marar kauri ke bushewa cikin minti 10 zuwa 20, da hunturu ma bai kai haka ba. Launi uku sun isa, sai fari da baƙi, kowanne da buroshinsa. Bokitin ruwa biyu: na wanki da na ɗauraya. Kanbas, wato ƙyallen da za ka yi zanen a kai, ya kai mita ɗaya a faɗi don na baya su gani, ka shafe shi da farin share fage sau biyu tun ana gobe taron.

Minti 10 na farko na sauti mai kauri ne. Ka tsarma fenti da ruwa, ka ɗauki buroshi mai faɗin inci 4, ka shimfiɗa manyan fage biyu ko uku da kafaɗa, ba da yatsu ba. Sai ka ƙyale wurin ya sha iska, ka koma ɓangaren da ba ka taɓa ba. A minti 20 na tsakiya ka zaɓi abin kiɗa guda, goge ko sarewa, ka bi hawansa da saukarsa da layi. Kalangu ya fi hannunka sauri, kada ka yi tsere da shi. Inda ya sauya taku kaɗai za ka sa alama. Kandinsky, mai zane ɗan Rasha, da ya saurari kiɗan Schoenberg, mai tsara kiɗa ɗan Austriya, a birnin Munik na Jamus a Janairun 1911, abin da ya fi fitowa a zanen da ya yi bayan taron shi ne makeken rawaya da dunƙulen baƙi. Fenti mai kauri da wuƙar zane sai a ƙarshe, kuma idan makaɗa suka yi shiru, kai ma ka ɗaga hannu, ka ja baya taku uku ka duba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne fitila. Jan haske yana mai da kore kamar baƙi, sai an kunna fitilun zaure ka ga ɓarna. Ka roƙi mai fitilu farin haske guda a kan kanbas, daga gefe, don kada inuwarka ta rufe aikin. Ka kuma riƙe kwalbar feshin ruwa kusa, kana ɗan fesa wa fentin da ke kan faranti duk bayan minti biyar don kada ya bushe.