Hukuncin Sayen Mabiya Da Gyaran Hoto A Tallan Waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a nan Bauchi, kuma galibin cinikina a WhatsApp da Instagram yake. Wani yaro ya ce in biya shi ya ƙara mini mabiya. An kuma ba ni shawarar in sa ƙawayena su riƙa rubuta cewa sun saya sun ji daɗi, alhali ba su saya ba. Nakan kuma gyara hoto don launi ya fito. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa nemanki albarka, 'yar'uwa.

Tallan kansa halal ne, domin Allah ya halatta ciniki a Suratul Baƙara, aya ta 275. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye idan an siffanta shi, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta amince da ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa. To ki ci gaba da sana'arki.

Sai dai ki lura da wani abu. Matar da ta shiga kasuwar Wunti takan warware turmi, ta murza bakinsa da yatsa, ta fito da shi rana ta duba. Wadda ke Azare ko Misau kuwa, hotonki ne idonta, maganarki ce hannunta. Saboda haka amanar da ke kanki ta fi ta mai shago nauyi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai Annabi (SAW) ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Goge gilashin kyamara da neman haske mai kyau ba laifi ba ne. Amma in gyaran ya mai da shuɗi mai duhu ya koma mai sheƙi, ko ya ɓoye zare da ya zame a leshi, wannan algus ne, kuma mai saye tana da haƙƙin mayar da kayan ta karɓi kuɗinta.

Maganar ƙawaye ta fi damuna, don mutane sun ɗauke ta wasa. Shaidar ƙarya ce, kuma ta shiga babin najashi da Annabi (SAW) ya hana a hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wato mutum ya ƙara wa kaya farashi ba da niyyar saye ba, sai don wani ya ruɗu. Majalisar da na ambata, a zamanta na Brunei a 1993, ta lissafa tallan da ke ba kaya siffar da ba tasu ba cikin sababbin nau'o'insa. Ke da ƙawayen duka kuna da zunubi. Sayen mabiyan bogi ma haka ne, domin ba a yinsa sai don baƙuwa ta ga yawa ta saki jiki ta turo kuɗi. Ko ta fuskar kasuwa asara ce, tunda shafin bogi ba ya sayen ko ɗankwali. Biyan Facebook ko Instagram su nuna tallanki ga mutane na gaskiya kuwa ijara ce, wato biyan lada a kan aiki, ta halatta.

Ga abin da ya fi miki. Ki ɗauki bidiyon turmin da rana, ki rubuta farashi da yadinsa da kuɗin mota, ki amsa saƙo da wuri. Wadda ta saya da gaske ki nemi izininta kafin ki wallafa yabonta, ki rufe lambarta. Idan kayan da kika ɗora suna Kantin Kwari ne ba su zo hannunki ba, ki faɗa a fili cewa oda ce, ki ayyana siffa da ranar kawowa, domin Annabi (SAW) ya hana sahabinsa Hakim bin Hizam sayar da abin da ba ya wurinsa. Yabon ƙaryar da aka riga aka rubuta ki goge shi, wadda kuma kika san hoto ya ruɗe ta ki kira ta ku daidaita.

Wallahu a'alam.