Tambaya da Amsa: Wane Tabarau Ya Dace da Mai Gudu a Ranar Kebbi?

Tambayoyin wannan fitowar duk a kan abu ɗaya suka taru, wato baƙin tabarau ga masu gudun motsa jiki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sassarfa bayan La'asar a kewayen filin wasa na Haliru Abdu. Tun da bazara ta shigo idanuna ke ja suna ruwa. Na sayi tabarau baƙi ƙirin a hannun masu talla, sai wani abokina ya ce gara in yi gudu haka nan da in sa shi. Da gaskiyarsa? (Wani mai karatu, Birnin Kebbi)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar abokinka tana da tushe. Hasken rana kala biyu ne ke shafar ido. Akwai wanda muke gani, mai sa mutum ya runtse ido, akwai kuma wanda ba a gani, shi ake rubutawa UV, kuma shi ne mai ɓarnar. Baƙin gilashi na farkon kawai yake ragewa. Tare na biyun ya dogara ne ga sinadarin da aka yi gilashin da shi, ba ga duhunsa ba. Gilashi fari tas yana iya tare UV gaba ɗaya, baƙi wuluk kuma ya bar shi ya wuce.

Ga inda haɗarin yake. Idan rana ta ƙwalle, 'yar kafar da ke tsakiyar baƙin ido takan tsuke da kanta, fatar ido ma ta sauko. Da ka sa baƙin gilashi, ido zai ɗauka inuwa ya samu, kafar ta buɗe, ka daina runtsewa. In gilashin ba ya tare UV, kamar ka buɗe ƙofar gida ne ka sallami maigadi. Shekara da shekaru a haka yana taimaka wa yanar ido fitowa da wuri, da kuma naman nan da ke tsirowa a farin ido daga wajen hanci yana tafiya zuwa baƙin ido, wanda ake yawan gani wurin manoma da masunta da masu kabu-kabu, saboda rana da iska da ƙura sun haɗu musu.

Abin da za ka nema a jikin tabarau ko takardarsa shi ne UV400, ma'ana yana tare hasken har zuwa nanomita 400 a ma'aunin tsawon zangon haske, wanda ya haɗa nau'o'in UV guda biyu, UVA da UVB, duka. Daga nan sai lambar duhu, wadda ke tafiya daga 0 zuwa 4, galibi a cikin hannun tabarau ake buga ta. Lamba 2 tana barin kashi 18 zuwa 43 cikin ɗari na haske ya wuce, ta dace da gudun sassafe ko ranar da hazo ya rufe. Lamba 3 tana barin kashi 8 zuwa 18, ita ce ta ranar Maris zuwa Mayu a Kebbi. Lamba 4 ta yi duhu da yawa, an yi ta ne don masu hawan manyan duwatsu masu ƙanƙara. Da ita ba za ka ga rami a ƙarƙashin inuwar dogonyaro ba, kuma ba a yarda a yi tuƙi da ita ba.

Sai dai liƙa takardar UV400 ba ta da wuya, kowa na iya bugawa. Hanya mafi tabbaci ita ce ka kai shi shagon masu yanka tabarau ko sashen ido na asibiti da ke da na'urar awon UV, minti ɗaya ya isa. In ba ka samu ba, nemi tocilan mai shuɗin haske ta masu duba jabun kuɗi. Haska takardar naira a ɗaki mai duhu, za ka ga wasu alamomi sun ɗau haske. Sa gilashin tsakanin tocilan da kuɗin. In alamomin sun mutu, gilashin yana tarewa, in suna nan suna haske, ajiye shi. Wannan gwajin gida ne, yana fallasa marar kyau amma bai kai awon na'ura ba.

Jan ido da ruwan da kake fama da su kuma, in sun wuce mako guda bayan ka sauya tabarau, ko akwai ciwo, kwantsa ko dishi-dishin gani, ka ga likitan ido. Kada ka sayi maganin ɗigawa a kemis da kanka, domin wasunsu suna ɗaga hawan jinin ido in an daɗe ana sa su.

Tambaya: Hanyar da nake bi a bakin kogi take, hasken ruwa yana kashe mini ido ko da tabarau. Me zan ƙara? (Daga Yauri)

Amsa: Ɗan'uwa, kai kam mai ɗauke da rubutun Polarized kake buƙata. Hasken da ya daki ruwa ko kwalta ya dawo a kwance yake tahowa, shi kuwa wannan gilashi yana da siririyar shimfiɗa a ciki da ke tace na kwancen. Mai gudu a gefen Neja a Yauri, ko a fadamun shinkafa na Argungu lokacin da ruwa ke kwance, zai ji bambancin nan take. Gwajinsa mai sauƙi ne: duba fuskar waya ko kwamfuta ta cikin gilashin, kana juya shi a hankali har ya tsaya a tsaye. Na gaskiya zai sa fuskar ta yi duhu ko launinta ya sauya. Kashe ƙyalli daban, tare UV daban, saboda haka ka tabbata duka biyun suna rubuce.

Tambaya: Ina atisaye don neman shiga soja, ina yin kilomita biyar zuwa takwas. Da na fara zufa tabarau ke zamewa kan hanci, wani lokaci ya yi tururi. Har na gaji na koma cusa shi a aljihu. (Wani matashi, Zuru)

Amsa: Allah ya ba da sa'a, ƙanena. Matsalarka ta firam ce, kuma ita ce ke sa yawancin masu gudu su watsar da tabarau, alhali wanda ke aljihu bai kare kowa ba.

Firam ɗin ƙarfe bai dace da gudu ba. Yana ɗaukar zafi, yana santsi da zufa, gishirin zufar yana cin fentinsa, wasu ma fatarsu kan yi ƙaiƙayi inda ya taɓa. Nemi na roba mai lanƙwasuwa, irin wanda ake rubuta wa TR90, mai nauyin da bai wuce giram 30 ba. Dubi wurare uku da yake taɓa ka: karan hanci da bayan kunnuwa biyu. A sami roba mai taushi a wuraren, ba roba mai sheƙi ba, domin mai taushin ba ta sakin fata in ta jiƙe. Tun a shago ka gwada: sa shi, ka sunkuya kamar mai ruku'u, ka girgiza kai, ka yi tsalle sau biyar. In ya motsa a bushe, da zufa sai ya faɗi. In kuma ya matse gefen kai har ya bar shaida, bayan rabin awa ciwon kai zai biyo baya.

Gilashin kansa ya zama na folikabonet, wata irin roba mai ƙarfi, kada ya zama na kwalba. Ba shi da nauyi, yana tare UV da kansa, kuma in ka faɗi ko mota ta watso tsakuwa ba ya tarwatsewa a ido. Siffar da ta zagayo gefen fuska ta fi, saboda rana da ƙura ta gefe suke shigowa.

Tururi kuwa yana faruwa ne in gilashin ya manne da goshi da kumatu, iska ta rasa hanya, ya fi yawa da damina ko in ka tsaya cak bayan gudu. Zaɓi mai 'yan kafofi a sama, ko wanda ya bar ɗan fili tsakaninsa da gira. Hular hana-salla tana tare ranar da ke saukowa ta sama, tana kuma shanye zufar goshi kafin ta gangaro, amma kada ka danne bakinta a kan tabarau, hanyar iskar kake toshewa.

Tambaya: Ni tabarau na magani nake sawa, ban gani nesa sai da shi, kuma da hijabi nake fita tattaki da ɗan gudu da safe. An ce in yi mai canza launi da kansa. (Wata 'yar'uwa, Jega)

Amsa: Hajiya, mai canza launin, wanda masu shago ke kira fotokuromik, ya dace da wadda ke fita bayan Asuba ta dawo rana ta ɗaga. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, zafi yana hana shi yin duhu sosai. Da sanyin hunturu zai yi baƙi, amma a ranar Afrilu da zafi ya haura digiri 40 zai tsaya a tsaka-tsaki. Kariyar UV tana nan, ƙyallin ne bai ragu yadda kike so ba. In kina kaiwa hantsi a waje, gara a yanka miki na biyu da awon idonki, a rina shi zuwa lamba 3. In awon naki mai ƙarfi ne, kada ki ɗauki firam mai lanƙwasa sosai, yana karkata gani a gefe, ƙasa ta riƙa yi miki kamar tana tudu. Hannuwan firam su zama sirara kuma miƙaƙƙu, saboda masu kauri hijabi kan danna su a bayan kunne, ko su buɗa gefen fuska. Ruwan tabarau da ake mannawa a ƙwayar ido ba ma ba ki shawararsa a lokacin ƙura.

Tambaya: Duk wanda na saya, kafin hunturu ya wuce ya cika da zane. (Daga Argungu)

Amsa: Malam, gefen riga ne ke kashe shi. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi da ya fi folikabonet tauri, in ka goge a bushe gurzawa kake yi. Fara zuba ruwa ya tafi da ƙurar, ɗiga sabulun ruwa digo ɗaya, murza da yatsa, ɗauraye, sannan ka tsane da ƙyallen da ake bayarwa tare da tabarau. Bayan kowane gudu a ɗauraye robar hanci, gishirin zufa yana busar da ita har ta tsage. Kada a sa omo, fetur ko ruwan zafi, kada kuma a bar shi a gaban mota da rana, zafin wurin yana tsattsaga fentin gilashi yana lanƙwasa firam. In zanen ya zo daidai saitin ido, sauya gilashin, domin yana watsa haske yana gajiyar da ido.